Kawu Likita, da Gwaggo da Ta Bar Magani Ta Biyo Gawarsa

Ranar da aka kawo gawar Kawu daga Yamai zuwa Gaya, waɗanda suka fi kowa kuka ba danginmu ba ne. Mu zama kawai muka yi. Inna, wadda ƙanwarsa ce ciki ɗaya, tana amsa gaisuwa da murya guda, ba hawa ba sauka. A ce mata yaya haƙuri, ta ce da godiya. A ce mata fonda tilas, ta amsa da Zabarmanci. Idonta a bushe. Kawu Babba, yayansu duka, mai motocin dakon kaya, yana ƙofar gida yana faɗa a kan tabarmi, wai waɗanda aka aro ba su isa ba. Tanti, matar marigayin, ta shiga ɗakin da aka ware mata ta zauna tana fuskantar bango, don dai a daina kallonta.

Masu kukan baƙi ne. Wani dattijo daga Zabori, mai ƙyalle ɗaure a wuya, wanda muryarsa ba ta fita sai da ƙyar, ya tsuguna gaban Kawu Babba yana ƙoƙarin faɗin wata magana, ta ƙi fita, sai ya riƙe masa ƙafa. Wata mata daga Bana ta shigo cikin gida tana tambayar wace ce uwar likita. Aka ce mata ai ta riga shi. Ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da zane. Direbobin da ke jiran layi a duwan, wato kwastan, suka bar motocinsu suka tako da ƙafa, hannuwansu duk baƙin mai, suka yi alwala a bakin hanya suka shiga sahu. An yi masa salla bayan la'asar, hadari yana haɗuwa ta wajen gulbi. Ruwan bai sauko ba sai da aka gama rufe shi.

Ni har yau ban yi kuka ba. A gidansa na Yamai na zauna tun da na shiga jami'a, tagar ɗakina tana kallon inda yake ajiye takalmansa. Na koma na tarar da takalman suna nan, na duba su, ban ji komai ba. Ina wannan rubutu ne don ina tsoron kafin ciwon ya iso gare ni in riga na manta yadda yake tafiya da yadda yake magana.

Cikin waɗanda suka biyo gawar akwai wadda bai kamata ta biyo ba. Gwaggo ce, yayar mahaifina, manomiyar shinkafa a Tanda. Tana da ciwon daji a mama. An yi mata aiki, sannan aka sa ta a haske. Hasken nan shi ne aikin Kawu: wata babbar na'ura ce da ke aika haske wanda ido ba ya gani zuwa daidai wurin ciwon, ta riƙa kashe shi kaɗan-kaɗan. Ba a yinsa sau ɗaya a gama. Mutum zai riƙa zuwa kullum, ban da Asabar da Lahadi, ya kwanta na ɗan lokaci, makonni a jere, kuma ba a son a yanke, domin abin da aka bari da sauran rai yakan farfaɗo a cikin hutun. Gwaggo ta wuce rabi. Safiyar Larabar da Kawu ya faɗi a tsakar gida yana shirin fita aiki, zuciyarsa ta tsaya, ita tana da randebu, wato ranar zuwanta haske ce. Maimakon ta nufi asibiti sai ta ɗaure kayanta ta shiga motar da ke bin gawa. Sai a Doso na lura da ita a kujerar baya, kuma a lokacin babu mai hankalin da zai ce mata ta koma.

Washegari, muna tsince shinkafar sadaka, ta gaya wa Inna ita fa ta gama da Yamai. Ta ce tun farko don shi ta yarda, ba don ƙarfen ba. Ta ce damina ta faɗi, gonarta na jira. Inna ta ce mata ai asibitin yana nan, likitocin suna nan.

"Wanda ya san jikina ya tafi," in ji Gwaggo. "Ita kuma yarinyar da ya ba kujerarsa, kin gan ta a nan?"

Ba a gan ta ba. Yarinyar da Gwaggo ke nufi ba yarinya ba ce, likita ce mai 'ya'ya, ɗalibar Kawu, wadda ya miƙa wa shugabancin sarbis ɗinsu, wato sashensu na asibiti, tun yana da ƙarfinsa. Kusan duk ma'aikatan sun zo jana'iza. Ita ce ta sallame su su zo, ta tsaya da mutum kaɗan don kada na'urar ta kwana ba ta yi aiki ba. Ma'aikatan sun faɗi haka a ƙofar gida da bakinsu. Amma a Gaya ba a auna zumunci da dalili, da ƙafa ake auna shi. An ga ƙananan ma'aikata, ba a ga shef, shugabarsu, ba, shi ke nan magana ta zauna: ya ɗauke ta ya ɗora, ko rakiyar kabari ba ta yi masa ba.

Kawu ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Gaya, ya wuce Doso, ya wuce Yamai, daga nan ya fita waje. Da ya tashi zaɓen fannin da zai ƙware, sai ya zaɓi wanda na'urarsa ko ɗaya babu a ƙasar a lokacin. Inna ta ce da ya dawo da takardunsa ya zauna yana yi wa 'yan gida bayani, Kawu Babba ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ina motar. Ya ce ba ta zo ba tukuna. Kawu Babba ya ce to ashe direba ba mota muka samu. Sunan ya bi shi shekaru. In ya zo hutu ya ratsa tasha, direbobi su ɗaga masa hannu suna tambayar ko motar ta iso, shi kuma ya ce tana hanya, ta tsaya a duwan.

Waɗanda suka yi karatu tare da shi da yawa sun zauna can inda na'urorin suke, kuma an kira shi shi ma, ba sau ɗaya ba. Tanti ta ce akwai shekarar da har suka fara haɗa kaya, ya tashi wata safiya ya ce a kwance. Bai ba ta dalili mai tsawo ba. Ya ce in duk wanda ya iya ya tafi, ranar da na'urar za ta zo wa za ta tarar. Tsawon shekarun jiran nan yana duba masu ciwon daji da abin da ke hannu, wanda ke da halin fita waje ya nema masa hanya, wanda ba shi da hali ya zauna da shi ya gaya masa gaskiya a hankali. Wannan ɓangaren bai cika magana a kai ba. Na taɓa tambayarsa yadda ake gaya wa mutum akwai maganin ciwonsa amma ba a nan ba. Ya daɗe yana ɓare muruci, wanda ake aiko masa daga Gaya cikin buhu kuma ba ya ba kowa sai an roƙa, sannan ya ce ba a sabawa.

Abin da ya fi ba ƙarfi a shekarun nan shi ne tura yara karatu. Duk ɗalibin da ya ga yana da natsuwa sai ya bi shi da magana har ya yarda. Ya tura masu lissafin haske, ya tura masu sarrafa na'ura, ya tura likitoci. Mutane na dariya wai yana tara aparanti, wato yaran mota, ba mota. Yakan ce ƙarfe shi ne mai sauƙi, rana ɗaya ake sauke shi daga kamiyo, motar dakon kaya. Mutum ne ke cin shekaru. Da na'urar ta iso, kansa ya riga ya yi fari.

Ba mai yawan fara'a ba ne a gida. Yana cin abinci da sauri, a tsaye in Tanti ba ta gani. Ba ya son a taɓa masa rediyo. In ya ga ina karatu a tsakar gida ba ya tambayar me nake karantawa, sai dai ya juya littafin ya duba bango, ya mayar mini a shafin da nake, ya wuce. Ni da shi muna iya yini a wuri ɗaya ba wanda ya ce uffan, kuma ban taɓa samun wanda shiru da shi ya fi daɗi ba.

A asibiti kuwa wani mutum ne daban. Na gan shi ranakun da nake raka Gwaggo. Ɗakin na'urar yana da ƙofa mai kauri, kuma in za a kunna haske kowa fita yake yi, a bar mara lafiya shi kaɗai a kwance, a rufe. Mutanen ƙauye wannan rufewar ce ke firgita su fiye da ciwon. Akwai 'yar na'urar magana da ake jin murya a ciki da ita, wadda aka tanada don a ce wa mutum kada ya motsa. Kawu ya mayar da ita wurin hira. In ranar farkon mutum ce, sai ya bar ofis ya zo ya tsaya a bakinta yana tambayarsa labarin garinsu da yaren da yake ji, Hausa ko Dandanci ko ɗan Fillancin da ya iya, ya ce kada ya amsa, ya dai saurara. Sai ya yi ta amsa wa kansa. Na ji shi yana ba wani tsoho labarin farashin rake a kasuwar Gaya, duk ƙarya, har ma'aikatan suna toshe baki.

Gwaggo ba da sauƙi ta zo hannunsa ba. Bayan an yi mata aiki ta koma Tanda ta ce ta warke. Aka aika, aka kira a waya, ta ce a gaishe da likita. Wata Asabar sai ga shi a bakin fadamarta lokacin shinkafar rani. Tana cikin ruwa tana cire ciyawa, ta gan shi ta yi kamar ba ta gani ba. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga. Ta ce masa ya fita kada ya tattake mata shuka da ƙafafun da ba su san taɓo ba. Ya ce ba zai fita ba sai da ita. Ya sunkuya yana tuge abin da yake zaton ciyawa ce, rabi shinkafa. Gwaggo ta ce ba don ciwo ta bi shi ba, don ta ceci gonarta ne. Shi kuma tun daga ranar yake kiranta Sarkin Noma.

Ranar da aka auna ta, ya tsaya da kansa aka zana mata layuka da tawada a ƙirji da gefen haƙarƙari, waɗanda da su ake daidaita mutum kullum don hasken ya faɗa wuri ɗaya. Ya ce kada ta goge su. In za ta yi wanka ta zuba ruwa kawai, ban da soso, ban da sabulu a wurin. Ta ce macen da ba ta cuɗa ba ai ba ta yi wanka ba. Ya ce to ta haƙura ta zama ƙazama na 'yan makonni, shi ba zai gaya wa mutanen Tanda ba. Ta kiyaye layukan nan kamar lalle.

Rigimarsa da Kawu Babba a kan kakarmu ce, mahaifiyarsu. Ta rasu a farkon fara aikin na'urar, lokacin ɗalibarsa ba ta dawo daga karatu ba, kuma shi kaɗai ne likitan da zai iya sa hannu a kunna wa mutum haske. Aka kira shi da safe. Ya ce a rufe ta, kada a jira shi. Sai Asabar ya iso. Ina nan a zaure lokacin da ya shigo. Kawu Babba bai ɗaga murya ba. Ya ce masa baƙi sun zo daga Malanbil, sun zo daga Kamba, kowa na tambayar ina ɗanta likita, shi kuma ya rasa abin da zai ce. Kawu ya ce akwai mutane a kan benci. Kawu Babba ya ce ita ma tana kan makara. Daga nan Kawu ya tafi maƙabarta shi kaɗai, ya dawo ya zauna a ƙarshen tabarma kamar baƙo. Garin ya daɗe yana maganar, kuma Gwaggo na cikin masu yi.

Bai taɓa cewa ya yi daidai ba. Abin da ya yi shi ne, ɗalibarsa na dawowa ta ɗan zauna, ya fara neman a ba ta shugabancin. Manyansa suka ce ya bari sai ya yi ritaya, ya ƙi. Ya kwashe littattafansa daga babban ofis ya koma wani ƙarami kusa da ɗakin jira. In zai zo Gaya sai ya nemi izini wurinta, a tsaye, kamar kowa. Ta ce masa wannan abin yana ba ta kunya, ya ce kunyar za ta wuce. A taron safe in an tambaye shi abu, sai ya juya ya dube ta, har mutane suka koyi tambayarta kai tsaye. Ma'aikatan sun ce akwai ranar da ta yanke abin da bai yarda da shi ba a kan wani mara lafiya, ya faɗi ra'ayinsa sau ɗaya, ta tsaya a kan nata, ya ce to, aka yi nata.

Da labarin ya iso Gaya, Kawu Babba ya ce wannan ƙanin nasa ba zai taɓa gane shi ba: ya ƙare ƙuruciyarsa yana jiran mota, ta zo, ya miƙa wa aparanti makulli ya koma baya ya zauna kan kaya. Na kai wa Kawu maganar ina zaton zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce wurin da zai tsaya cik don mutum ɗaya ya tafi rufe uwarsa ba wurin aiki ba ne tukuna.

"Na'urar ba ta san sunana ba," ya ce. "Bai kamata masu ciwon ma su dogara da shi ba."

A nan kam bai yi nasara ba. Sun dogara da shi. Gwaggo tana zaune a tsakar gidan makoki, ranakun maganinta suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya yi mata maganar komawa ta ce ya ci abinci. Mahaifina ya gwada, ta tuna masa ita ta goye shi. Inna ta gwada. Ni na tsara abin da zan faɗa a raina, na zo gabanta, na tambaye ta ko in kawo mata fura.

Ɗalibar Kawu ta iso ranar Asabar da hantsi. Kar, wato bas ɗin asuba, ta biyo, kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar gida, da hijabi mai ruwan toka da 'yar jaka. Ta durƙusa ta gaishe da maza. Kawu Babba ya amsa yana kallon carbinsa, ya tambaye ta ashe an samu hanya. Ta ce an samu, Alhaji. Ta shigo ta wuce ɗakin Tanti. Ban san abin da suka faɗa ba, na dai ga Tanti ta juyo daga bango ta riƙe mata hannu, suka daɗe a haka.

Da ta fito sai ta nufi inda Gwaggo take zaune a gindin bango da ƙwaryar goro a gabanta. Matan da ke wurin suka rage murya.

"Gwaggo, ina kwana. Yaya haƙuri?"

"Haƙuri ya tsufa, ɗiyata. Tun Laraba muke yinsa."

Likitar ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba. Ta tambayi jiki, ta tambayi ko fatar wurin tana zafi, ta roƙa su shiga ɗaki ta duba. Gwaggo ta ce nan gidan makoki ne, ba asibiti ba. Sai likitar ta gaya mata abin da ya kawo ta bayan gaisuwa, ba ta zagaya ba. Ta ce an ajiye mata wurinta na Litinin. Ta ce ranakun da aka rasa ana iya rama su in ta koma yanzu, amma in ta jira sadakar bakwai, balle ta arba'in, ita ba za ta iya yi mata alkawarin komai ba.

"Mutumin da ya ba ki kujera kin kasa zuwa ki ga an rufe shi," in ji Gwaggo. "Ni za ki iya?"

"Akwai mutane a kan benci ranar, Gwaggo."

Wata tsohuwa ta ja tsaki. Inna ta sunkuyar da kai, don ta san inda ta taɓa jin wannan amsar. Likitar ta tashi ta karkaɗe hijabinta ta zaga bayan ɗaki inda randuna suke. Da na je ɗebo ruwa na tarar da ita tsaye da moɗa a hannu, cike, ba ta sha ba. Ta tambaye ni ko ya sha wahala kafin ya cika. Na ce a'a, takalmi yake sawa. Ta gyaɗa kai. Ta ce tun Laraba in ta shiga taron safe sai ta ga kowa yana kallonta, ita kuma ta rasa wanda za ta kalla.

Inna ce ta kai wa Kawu Babba labarin abin da aka yi a cikin gida. Bayan magariba ya aiko a kira masa Gwaggo zaure. Ni na riƙe mata hannu zuwa can, don ba ta gani sosai in rana ta faɗi, kuma ba wanda ya ce in fita. Na zaci zai ba ta haƙuri ne, ko ya wanke likitar. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce shi har gobe yana nan a kan bakansa, ƙaninsa bai kyauta wa uwarsu ba, ita ma wannan ba ta kyauta ba, duk halinsu ɗaya, shi ya koya mata. Gwaggo ta ce to ai magana ta ƙare.

"Ba ta ƙare ba, Hajiya. Kabari ɗaya na tsaya a kansa a makon nan, ba ni da ƙarfin na biyu. In haushinta kike ji, ki je can ki ji shi, kina kwance ana yi miki magani."

"Alhaji, bakinka bai iya magana ba."

"Mai iya maganar ya tafi. Ni kika samu."

Ya ce motarsa za ta tashi zuwa Yamai gobe bayan an karya, da likitar, da ni, don ina da jarrabawa. Ya ce akwai wuri ɗaya. Gonarta kuma ya riga ya yi magana da 'ya'yanta, in suka bari ciyawa ta ci shi da su ne. Gwaggo ta tashi ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. A hanyar komawa cikin gida ta ce mini mutanen gidan uwata duk ba su da ladabi, har wanda ya mutu.

Da safe muka fito da kaya. Likitar ta yi sallama da Tanti ta shiga baya. Direban ya tayar da mota ya bar ta tana ɗumi. Kawu Babba yana tsaye da hannuwa a baya yana duba tayoyi, ko da yake ba abin da ya same su. An yi ruwa da asuba, ƙofar gida duk taɓo. Muka jira. Direban ya dubi Kawu Babba, shi kuma ya ci gaba da duba taya. Sai ga Gwaggo ta fito da ƙullin kayanta a ka, tana taka busassun wurare a hankali. Ba ta dubi kowa ba. Ta buɗe ƙofar gaba ta ce wa yaron motar da ke zaune a wurin ya koma baya, ita ba za ta zauna kusa da mutanen asibiti ba. Har Yamai ba ta juyo ba.

Ranar Litinin aka gano ta riga ta cuɗe layukan da soso tun a Gaya, ko alamarsu babu. Dole aka sake auna ta daga farko. Likitar ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya da kanta, ita ta riƙe alƙalamin. Na ji ta daga bakin ƙofa tana cewa Gwaggo ta ɗaga hannu, na ji shiru, sannan na ji ƙarar gadon. Daga baya ta gaya mini za su ƙara mata wasu ranaku a ƙarshe. Na tambaye ta ko yankewar ta yi ɓarna. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba wanda zai sani yanzu.

Na koma kan benci cikin masu jira. Akwai wata mata da jariri, akwai wani malamin lakwal da ke gyara takardun yara a kan gwiwa. Ƙaramin ofishin da ke kusa da mu a rufe yake, an riga an cire sunan. Na dube shi kamar yadda na dubi takalman.

La'asar ta kusa kafin a gama da Gwaggo. Ta fito tana gyara mayafi, fuskarta a ɗaure. Na karɓi jakarta na tambaye ta yaya. Ta ce hannun yarinyar sanyi gare shi. Muka bi baranda muka fita, muka tsaya a bakin titi muna jiran taksi, rana tana dukanmu. Motoci suka yi ta wucewa cike. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce:

"Gobe da wane lokaci ta ce?"

Na gaya mata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya sada shi da uwarsa cikin rahama. Ita kuma Gwaggo, Allah ya kai ta ƙarshen maganin.